Yadda masana ke auna ingancin aikin kamfani da hukuma, da inda awon ke karkacewa

A shekarar 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani rahoto da ya jera ƙasashe 191 bisa yadda tsarin kiwon lafiyarsu ke aiki. Faransa ce ta zo ta ɗaya, Amurka ta 37, Najeriya kuwa ta 187. Har yau akan ji ana kawo wannan lamba a taruka da shafukan jarida, amma da wuya a ji wanda ya tsaya ya faɗi abin da aka auna. Tambayar da masu rahoton suka yi ita ce: idan aka dubi kuɗin da ƙasa ke kashewa kan lafiyar kowane mutum, da kuma zurfin karatun jama'arta, me ya kamata a ce ta cimma, me kuma ta cimma a zahiri? Girman tazarar da ke tsakanin biyun shi ya ba kowace ƙasa gurbinta. Shi ya sa Amurka, wadda ta fi kowa kashe kuɗi, ta tsinci kanta can baya. Gwamnatoci da dama sun yi ca a kan rahoton, masana suka yi ta tankaɗe da rairayar lissafinsa, hukumar kuma ba ta sake fitar da irin wannan jeri ba.

Wannan tambaya ita ce ginshiƙin wani babban fage na bincike a ilimin tattalin arziki da na gudanarwa. Ana son a san ko kamfani, ko asibiti, ko makaranta, ko banki, ko gona, na fitar da iyakar abin da za a iya fitarwa daga kayan da aka zuba. Riba ba ta isa amsa ba. Kamfanin da ba shi da kishiya a kasuwa yana iya cin riba mai tsoka alhali ɓarna ta yi masa katutu, asibitin gwamnati kuwa dama ba don riba aka gina shi ba. Ni dai ina ganin mun fi kowa buƙatar waɗannan hanyoyin awo, domin mu ne kuɗinmu bai kai ya kawo ba. Sai dai rabin amsar an riga an yanke ta tun kafin a kunna kwamfuta, a lokacin da mai bincike ya zaɓi abin da zai ƙirga da kuma waɗanda zai gwada da juna.

A ƙaddara masu injin casar shinkafa ne su uku, irin waɗanda ake gani a Kura. Kowannensu yana fitar da buhu 100 a rana daga shanshera iri ɗaya. Na farko yana aiki da mutum 4, yana ƙona lita 120 ta man dizal. Na biyu mutum 8 gare shi, amma lita 60 ke isar sa. Na uku mutum 8, lita 120. Idan ka raba buhuna da yawan ma'aikata, na farko ne zakara, kowane mutum buhu 25. Idan ka raba da litar mai, na biyu ne. Nan awon rabawa na gargajiya ke tsayawa cak: kowane mai inji zai ɗauko rabon da ya fi yi masa kyau ya ce shi ne gwani.

Wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Cambridge, Michael Farrell, shi ya buɗe hanyar fita a 1957. Ya ce a bar gwada kowa da matsakaici, a gwada shi da waɗanda suka fi kowa iyawa a cikin sa'o'insa. Na farko da na biyu babu wanda ya doke su ta kowace fuska, don haka su ne iyakar gwanaye. Na uku fa? Idan aka raba aikin buhu 100 gida biyu, rabi aka yi shi da salon na farko, rabi da salon na biyu, mutum 6 da lita 90 za su isa. Ke nan na uku zai iya rage mutanensa da mansa da kashi ɗaya cikin huɗu ba tare da buhu ko ɗaya ya ragu ba. Makinsa 0.75. Wannan shi ne ingancin sarrafa kaya.

Farrell bai tsaya nan ba, ya shigo da farashi. A ce ladan ma'aikaci naira 5,000 ne a rana, litar mai kuma naira 1,000. Na farko zai kashe 140,000, na biyu 100,000, na uku 160,000. Sai ga shi na farko, duk da bai zubar da komai ba, ya fi na biyu kashe kuɗi da 40,000, saboda ya dogara da abin da ke da tsada ya bar mai araha. Shi ma na uku ko ya gyara ɓarnarsa ya koma mutum 6 da lita 90, kuɗinsa 120,000 ne, bai kamo na biyu ba. Ciwo biyu ne ke nan, maganinsu kuma daban. Ɗaya na tsarin aiki ne a cikin shago, ɗaya na zaɓin haɗin kaya ne bisa farashin kasuwa. Ranar da mai ya yi araha, lada ya yi tsada, na farko da na biyu za su yi musayar matsayi ba tare da ko ɗaya ya sauya komai ba. Farrell ya gwada dabararsa da alƙaluman noma na jihohi 48 na Amurka, amma sai da aka yi shekara 20 kafin ta samu masu ɗaukarta da gaske. Da aka tashi ɗauka kuwa, sai ta rabu gida biyu.

Gida na farko ya fito ne daga matsalar makaranta. Edwardo Rhodes yana digirinsa na uku a Jami'ar Carnegie Mellon a ƙarƙashin William Cooper, yana son auna wani shirin gwamnatin Amurka na tallafa wa karatun 'ya'yan marasa galihu. Makaranta ba buhu take fitarwa ba. Akwai makin karatu, akwai na lissafi, har da yadda yaro ke ganin ƙimar kansa. Abin da ke shiga ciki ma ya wuce yawan malamai, ya haɗa da karatun uwa da lokacin da iyaye ke ba yaro a gida. Babu farashin da za a haɗa waɗannan da shi. A 1978 Abraham Charnes da Cooper da Rhodes suka wallafa hanyar da ake kira DEA a taƙaice. Dabararta tana da kyau: kowace makaranta a bar ta ta zaɓi nauyin da za a ba kowane sakamako da kowane kayan aiki, nauyin da ya fi fito da ita fes, da sharaɗin cewa idan aka auna sauran da wannan nauyi babu wadda za ta haura 1. Wadda duk da wannan gata ta kasa kaiwa 1, ba ta da bakin cewa an yi mata rashin adalci. Ƙari a kan haka, lissafin zai nuna mata sunayen takwarorinta da suka doke ta, ta je ta ga yadda suke yi. A wurina wannan ya fi makin kansa amfani. A 1984 Rajiv Banker ya haɗu da Charnes da Cooper suka yi gyara yadda za a riƙa gwada ƙarami da ƙanana, babba da manya, domin a raba matsalar girma da ta gudanarwa. Ɗakin shan magani na ƙauye mai ma'aikaci 3 ba laifinsa ba ne idan mutanen da ke kewaye da shi ba su da yawa.

Gatan nan kuwa shi ne rauninta. Cibiyar da ta yi fice a abu guda tak tana iya ɗora duk nauyin a kansa ta fito da maki cikakke, ko da ta lalace a sauran. Idan kuma abubuwan da ake ƙirgawa suka yi yawa, cibiyoyin suka yi kaɗan, kusan kowa sai ya zama gwani, saboda kowa zai samu lungun da babu mai ja da shi. Shi ya sa masu aikin ke cewa yawan cibiyoyi ya kai aƙalla ninki uku na jimillar abubuwan da ake ƙirgawa. Mafi muni, DEA ba ta san tsautsayi ba, ba ta san kuskuren alƙalami ba. Akawu ya rubuta lita 12 maimakon 120, nan take injinsa ya zama iyakar gwanaye, kowa ya koma mai ɓarna a gabansa. Sannan a riƙa tunawa cewa maki 1 na nufin babu wanda ya fi ka a cikin waɗanda aka tara, ba wai babu sauran gyara ba. A tara asibitoci 30 da duk suka taɓarɓare, dole wasunsu su fito da maki cikakke.

Gida na biyu masana ƙididdiga ne suka gina shi. A 1977 Dennis Aigner da Knox Lovell da Peter Schmidt a Amurka, da kuma Wim Meeusen da Julien van den Broeck a Beljiyam, kowane ɓangare ba tare da ɗayan ba, suka fito da hanyar da ake kira SFA. Su cewa suka yi giɓin da ke tsakanin gona da iyakar gwanaye kashi biyu ne. Kashi ɗaya sa'a ce ko tsautsayi ko kuskuren rubutu, yana iya ɗaga mutum sama, yana iya yin ƙasa da shi. Ɗaya kashin shi ne rashin inganci, wanda ƙasa kaɗai yake ja. Ta yaya za a raba su alhali a dunƙule ake ganinsu? Ta hanyar duba siffar giɓin a kan gonaki masu yawa. Idan ya rabu daidai wa daida sama da ƙasa, a ce sa'a ce. Idan ya rinjaya ƙasa, a ce rinjayen nan shi ne rashin inganci. Hikima ce, amma tana tsaye ne a kan zato: mai bincike shi ke zaɓar siffar da yake jin rashin inganci na ɗauka, shi ke kuma zaɓar tsarin lissafin da ke haɗa taki da ƙwadago da fili su zama amfani. Babu manomin da ya gaya masa ko ɗaya. Irin wannan lissafi na iyaka aka yi wa ƙasashen nan 191, kuma da William Greene na Jami'ar New York ya sake bin alƙaluman a 2004, ya nuna cewa kaso mai yawa na abin da aka kira rashin inganci bambancin yanayin ƙasashe ne kawai. Ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da jama'a warwatse a karkara ba aiki ɗaya take yi da wadda ba ta san su ba.

Wannan hanya ta biyu ita ta fi shiga jami'o'inmu. George Battese da Tim Coelli na Ostareliya sun fitar da wani salo a 1995 da ke ba da damar a tambayi me ke haddasa rashin ingancin, Coelli kuma ya saki manhajojin lissafin kyauta. Duk wanda ya leƙa kundayen digiri a sassan tattalin arzikin noma zai gan su jere: ingancin manoman masara a ƙaramar hukuma kaza, na masu shinkafa, na masu tumatir, na masu kiwon kaji. A raba takardar tambayoyi, a zuba amsoshi a manhaja, a samu adadi kamar 0.7, a ce manoma na iya ƙara kashi 30 cikin 100 ba tare da ƙarin kaya ba, a rufe da shawarar a ƙara malaman gona da rance. Ba na raina wannan aiki, akwai gumi a cikinsa. Damuwata ita ce abin da ke shiga manhajar.

Ka je wurin manomi bayan kaka ka tambaye shi hekta nawa ce gonarsa. Shi ba da hekta ya san ta ba, ya san ta da iyakokinta da kuma kwanakin da take ci a noma. Ka tambaye shi kilo nawa ya samu. Zai ce maka dami kaza na gero, kuma damin wannan gari ba na wancan ba ne, haka mudu, haka tiya, haka buhu. Bai lissafa ɗanyar masarar da yara suka gasa tun tana gona ba, bai lissafa wadda aka ba maƙwabci ba, wataƙila ma ya cire zakka kafin ya ba ka adadi. Ƙwadagon 'ya'yansa da ƙannensa kuwa wa ya rubuta? Bincike da Bankin Duniya ya yi tare da hukumomin ƙididdiga na ƙasashen Afirka da dama, ciki har da Najeriya tun daga 2010, ya riƙa auna gonaki da na'urar GPS yana gwadawa da abin da masu su suka faɗa. Aka ga kuskuren ba na kan mai uwa da wabi ba ne, yana da alƙibla: masu ƙananan gonaki sukan faɗi fiye da abin da suke da shi, masu manya sukan faɗi ƙasa. Kuskure mai alƙibla kuwa SFA ba ta iya tace shi. Manomin da ya ƙara wa gonarsa girma a baki zai fito a lissafi kamar wanda ya ɓata fili.

Akwai abin da ya fi wannan zurfi, kuma a ƙasarmu aka gano shi. A ƙarshen shekarun 1960 David Norman da abokan aikinsa na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru sun bi manoman ƙauyukan da ke kewayen Zariya, irin su Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna rubuta aikinsu dalla-dalla. A lokacin ana yi wa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya kallon ci baya, ana wa'azin a koma shuka iri guda. Lissafin Norman ya nuna cewa ko da yake kowane iri shi kaɗai yakan ba da ƙasa da abin da zai bayar idan an ware masa gona, jimillar ƙimar amfanin gonar haɗe ta fi yawa, ta kuma fi tabbas idan damina ta yi gardama. Ya kuma nuna cewa abin da ke ɗaure manomi shi ne hannun aiki a watannin Yuni da Yuli, lokacin noman fari da maimai, fiye da ƙarancin fili. To, mai binciken da ya zo yau ya auna ingancin noman dawa kaɗai, ya raba da hekta, ya manta da waken da ke ƙarƙashinta, da harawar da za a sayar ko a ba dabbobi da rani, da karan da za a yi danga, zai fitar da maki mai ƙanƙanta, ya kuma rubuta cewa manomin bai iya ba. Lissafinsa daidai ne, abin da ya ƙirga ne bai cika ba.

Ba a gona kaɗai ake wannan rikici ba. Masu binciken bankuna sun daɗe suna jayayya kan kuɗin ajiya: kayan aiki ne da banki ke juyawa ya zama rance, ko kuwa hidima ce da yake yi wa jama'a wadda ya kamata a lissafa cikin abin da ya fitar? Sauya amsar na iya juya jerin bankunan. Allen Berger da David Humphrey sun tattara bincike 130 daga ƙasashe 21 a 1997, suka ga hanyoyin awo daban-daban sukan saɓa wa juna wajen jera bankuna ɗaya bayan ɗaya. Idan kuma aka ɗauki yawan rance a matsayin sakamako, bankin da ke rabon bashi ba bincike shi zai fi kowa maki, domin ya rage kuɗin tantancewa ya ƙara abin da ake ƙirgawa. Bayan haɗewar da ta mayar da bankunan Najeriya daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005, littattafan da yawansu sun yi ta sheƙi. A watan Agustan 2009 Babban Banki ya sauke shugabannin 5 daga cikinsu ya zuba musu naira biliyan 420 saboda basussukan da suka maƙale. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Duk waɗannan hanyoyi abu ɗaya suka haɗa: abin da suke kira rashin inganci saura ne, wato abin da ya rage bayan an cire duk abin da aka iya ƙirgawa. Tun a 1957 Robert Solow ya lissafa cewa kusan kashi 7 cikin 8 na ƙaruwar abin da ma'aikacin Amurka ke samarwa a sa'a guda, tsakanin 1909 da 1949, ba ƙarin injuna ne ya kawo shi ba. Moses Abramovitz, wanda ya ga irin wannan saura shekara guda kafin nan, ya kira shi ma'aunin jahilcinmu. Sauran nan kuma ba ƙarami ba ne ko a tsakanin masana'antu masu yin kaya iri ɗaya. Chad Syverson ya nuna cewa a Amurka masana'antar da ke cikin na gaba-gaba tana fitar da kusan ninki biyu na wadda ke cikin na baya-baya da kayan aiki daidai. Chang-Tai Hsieh da Peter Klenow sun ga tazarar ta haura ninki 5 a Chaina da Indiya. Ko a nan akwai tarko, domin galibi kuɗin ciniki ake samu a littafi, ba yawan kaya ba. Wani bincike na 2008 da ya bi kayan da ake iya ƙirgawa kai tsaye, irin su kankare da burodi da ƙanƙara, ya gano sababbin kamfanoni sukan karya farashi don jawo masu saye, sai awon kuɗi ya nuna su ƙasa da yadda suke. Mai tsawwala farashi saboda ya kame kasuwa kuwa sai ya fito kamar gwani.

Me ke cikin sauran nan? Harvey Leibenstein ya ce tun 1966 babbar asarar tana cikin gida ne, a himmar mutane da yadda ake tafiyar da su, musamman inda babu gasar da za ta matsa. Amma sai a 2007 aka samu wanda ya auna gudanarwar kanta da ma'auni mai ƙwari. Nicholas Bloom da John Van Reenen sun sa an yi hira ta waya da manajojin masana'antu 732 a Amurka da Birtaniya da Faransa da Jamus, kan al'adun aiki 18, ana ba kowace maki daga 1 zuwa 5. Ba a tambayar manaja ko yana bibiyar aiki, don kowa zai ce e. Ana ce masa ya ba da labarin yadda ya gane matsalar ƙarshe da ta taso, wa ya gani, me aka yi, me ke faruwa da ma'aikacin da ya daɗe ba ya taɓuka komai. Manajan bai san ana ba shi maki ba, mai tambayar kuma bai san ribar kamfanin ba. Makin ya tafi kafaɗa da kafaɗa da yawan samarwa da riba da ɗorewar kamfani. Wuraren da suka fi rauni su ne inda gasa ta yi ƙaranci, da kamfanonin gado da aka miƙa wa babban ɗa don kawai shi ne babba.

Tafiya tare ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya ba, don haka Bloom da wasu abokan aiki suka yi gwaji a masaƙun da ke kusa da Mumbai a Indiya. Masaƙu 14 aka tura wa ƙwararru suka zauna da su wata da watanni, 6 kuma aka duba su aka ba su shawara kawai don a samu abin gwadawa. Abin da aka tarar ba baƙo ba ne a wurinmu. Zare jibge a sito ba lakabi, wani ya yi danshi ya lalace, ana sayen sabo alhali irinsa na kwance a lungu. Inji ba a duba shi sai ya tsaya. Yadin da ya fito da aibi akwai rundunar masu gyara shi da hannu, amma babu mai rubuta wane inji ne ke yawan kawo aibin, balle a toshe shi daga tushe. Gyaran bai buƙaci sabon inji ba: a jera zare a rubuta, a riƙa ƙirga aibi kullum, a zauna kowace safiya a duba alƙaluman jiya. A shekarar farko ingancin samarwa, wato abin da ake fitarwa idan aka gwada da kayan aikin da aka zuba, ya ƙaru da kashi 17 cikin 100. Da aka tambayi dalilin da ya hana masu masaƙun yin haka tun da can, sai aka ga wasu ba su taɓa jin dabarun ba, wasu sun ji amma ba su yarda za su biya ba. Aka kuma lura cewa girman kamfani ya fi bin yawan 'yan'uwa maza da mai shi ke da su, domin bai yarda ya damƙa wa bare masaƙa ba. Duk wanda ya san yadda dukiyar gidaje da yawa ke tafiya a Kano zai gane wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Da aka koma bayan shekaru, an tarar an saki kusan rabin dabarun, galibi saboda manajojin da suka koya sun bar aiki, amma tazarar da ke tsakaninsu da sauran ba ta goge ba.

A ɓangaren masu gudanarwa kuma akwai allon maki na Robert Kaplan da David Norton na 1992, wanda ya ce kada shugaba ya kalli kuɗi kaɗai, ya haɗa da gamsuwar abokan ciniki, da tafiyar aikin cikin gida, da koyon ma'aikata. Yana taimaka wa mai kamfani ya ga gidansa, amma ba ya gaya masa inda yake a tsakanin sa'o'insa.

Awo yakan canza hali ne ranar da aka ɗaura masa lada ko hukunci. Charles Goodhart, mai ba Babban Bankin Ingila shawara, ya lura a 1975 cewa alƙalamin da aka mayar abin cimmawa yakan daina faɗin gaskiya. Da aka kafa wa asibitocin Ingila ƙa'idar sallamar mai neman agajin gaggawa cikin sa'a 4, an samu rahotannin barin marasa lafiya a cikin motar asibiti a bakin ƙofa, saboda agogo ba ya fara bugawa sai an shigo da su. A Amurka an ci bankin Wells Fargo tarar dala miliyan 185 a 2016, bayan ma'aikatan da aka matsa wa da adadin asusun da za su buɗe sun riƙa buɗewa da sunan mutane ba da saninsu ba.

Duk da haka akwai inda aka ɗaura awon da kuɗi ya kuma yi aiki, wato harkar rarraba wutar lantarki, inda kowane kamfani shi kaɗai ne a yankinsa. Norway tana amfani da DEA tun 1997 wajen ƙayyade kuɗin shigar da kowane kamfani zai iya karɓa. Jamus, tun 2009, tana auna kowane kamfani da DEA da SFA duka, ta ɗauki makin da ya fi yi masa kyau, kuma ba ta sa wa kowa ƙasa da kashi 60 cikin 100. Hukumar da ta yi haka ta amsa ke nan cewa ma'auninta na iya kuskure, ta kuma tanadi sassauci tun kafin a kai ta kotu.

Mu ma da ma'aunin inganci aka sayar da kamfanonin rarraba wuta 11, waɗanda aka fara miƙawa a Nuwamban 2013. An zaɓi masu saye ne bisa alƙawarin wanda zai fi rage jimillar asara cikin shekara 5: wutar da ke zurarewa a waya da taransifoma, da wadda ake sha ba a rubuta ba, da kuɗin da aka rubuta ba a karɓo ba. Lissafin mai sauƙi ne. Kamfani ya karɓi wuta 100, ya rubuta bil na 80, ya karɓo kashi 70 cikin 100 na kuɗin, abin da ya dawo 56 ne, asara 44. Ma'auni ne mai ma'ana, amma a duba abin da yake kwaɗaitarwa. Inda babu mita, adadin da aka rubuta ƙiyasi ne, kuma wanda ake aunawa shi ke yin ƙiyasin, abin da ya sa NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wutar lantarki a Najeriya, ta sa wa bil na ƙiyasi iyaka a 2020. Bashin da ma'aikatun gwamnati suka ƙi biya yana shiga cikin asarar kamfani kamar laifinsa ne. Hanya mafi sauri ta rage asarar a takarda kuwa ita ce a karkatar da wuta zuwa layukan masu biya a bar unguwannin talakawa, domin wutar da ba a kai ba ba ta cikin lissafin ko kaɗan. Norway ta toshe wannan kafa tun 2001: duk wutar da aka ɗauke ana ƙiyasta asarar da ta jawo wa masu amfani da ita, a cire daga kuɗin da kamfani ke da izinin karɓa. Tsarinmu na rukunin A zuwa E, wanda ya ɗaura farashi da sa'o'in samun wuta, inda rukunin A ke da alƙawarin sa'a 20 a rana, mataki ne zuwa can. Sai dai sa'o'in nan ba za su aunu ba sai da mita a kan kowane layi, wadda hukuma da masu biyan kuɗin wuta za su iya karanta alƙalumanta ba sai ta hannun kamfanin ba.